Lissafin da Na Ƙi Yi a Mangazar Gujiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga mahaifinka Habu a Magarya, zuwa ga ɗana Isuhu a masaukinsa na Damagaram.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta riske ka kafin kamiyon da zai kai ku Yamai ya tashi. Daga can Allah ya kai ka Bamako lafiya, ya tsare ka a tudu da ruwa, ya haɗa ka da malaman kirki a lakwal, makarantar da za ka koyi aikin kuran, wato wutar lantarki. Mahaifiyarka da ƙannenka suna lafiya, suna gaishe ka. Labarin gida ke nan, kuma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Za ka ga da hannuna na rubuta, da ɗan ajamin da na taso da shi. Ban je wurin mai rubutun wasiƙa na bakin kasuwa ba, don ka san shi, abin da ya shiga kunnensa da hantsi kafin la'asar ya kai Sassumbrum. Ina so kai ka fara ji. Na so in faɗa maka a tasha, na buɗe baki sau biyu, sai na ƙare da tambayarka ko ka ɗauki bargo.

Ka tuna kwana biyu kafin ka tashi, a gidan Alhaji Mato dillalin gujiya, wanda muka ja wa waya daga gurup, injin ba da wuta na kanti? Ƙanensa ya kawo masa rediyo daga Kano, aka kira ka ka haɗa. Ina tsaye na ga ka ɗauko ƙaramin tiransifo ka jona, ba ka juya rediyon ka karanta allon ƙarfen da ke bayansa ba. Alhaji ya ce, "Yaro, ba ka dubawa?" Ka ce, "Na sani, Alhaji." Rediyo ya yi magana, mutane suka ce ai ɗan Habu Kuran ne, a jini abin yake. Na yi dariya tare da su. Amma muryata na ji a bakinka, har da yadda kake ɗaga kafaɗa. Rediyo ba ya cin wuta da yawa, shi ya cece ka. Inda za ka an ce wutar dubu-dubai ce, ba ta yi wa mutum gargaɗi. Ina tsoron ka tafi da halina ya kashe ka, shi ya sa zan gaya maka ko ni wane ne.

Lokacin da na baro Waca na samu aiki a kantin Turawan gujiya, ba ni ne babba a ɗakin gurup ba. Babba Malam Ilu ne, mutumin Guci, tsohon soja, a can ya koyi aikin kuran. Kana ƙarami ƙwarai sa'ad da ya bar garin nan, ba za ka tuna shi ba, ni kuwa na yi ƙoƙari kada ka ji sunansa. Mutum ne mai sanyin jiki. Kafin ya ɗaura waya ɗaya sai ya zauna ya ciro kaye, littafin lissafinsa, da kirayon, ya yi ta rubutu yana motsa leɓe. Ni hannuna da sauri. In hau falwaya, in fere waya, in ɗaure, kafin ya gama layi biyu na sauko. Baturen kantin, wanda muke kira Mai Lofe saboda lofen taba ba ya barin bakinsa, ni yake yabo. Ni kuma kaina ya kumbura.

Abin da ba wanda ya sani shi ne ban iya lissafin ba. Ina karanta lambobi, ina gane bolt da amfer in na gan su a rubuce, amma a ce in ninka wannan da wancan, nan jakina ya tsaya. Malam Ilu ya gane. Wata rana bayan azahar, ba kowa, ya share ƙasa da tafin hannu ya ce, "Habu, zamna in gwada maka. Kwana goma sun ishe ka." Na dubi ƙofa, na ga leburori na wucewa da buhuna. Na ce a raina, ni magidanci mai mata da ɗa, a gan ni durƙushe ina zane a ƙasa? Na ce masa, "Malam, ni a hannu nawa yake, ku ku riƙe takarda." Ya goge abin da ya fara zanawa.

Isuhu, kunyar kwana goma na guje wa, ga ta ta kai ni shekara goma sha biyu. In mushe, wato malaminku, ya yi bayani ba ka gane ba, ɗaga hannu ka ce ba ka gane ba. Yaran Dakar da na Bamako za su yi maka dariya, su ce ga ɗan ƙauyen Damagaram. Bari su yi. Dariyarsu ba ta ƙona fata.

Ka san yadda zamanmu yake a bakin iyaka. Gurup ɗinmu na Faransi ne, bolt ɗari da goma yake bayarwa. Kayan Ingilishi na Kano kuwa sai ɗari biyu da ashirin ko sama da haka kaɗan. Kano ta fi mana teku kusa, don haka rabin kayan garin nan daga can suke, wutar kuma ta wannan gefen ce. Tiransifo ke sasanta su. A lokacin babba ɗaya tak muke da shi, yana ɗaga ɗari da goma zuwa ɗari biyu da ashirin, shi ke tayar da famfon rijiyar bayan mangaza, ɗakin ajiyar gujiya. Duk unguwar a nan mata suke ɗiban ruwa, sun huta da guga.

Shekarar da nake ba ka labari gujiya ta yi albarka, ɓawo ya fi ƙarfin hannun mata. Mai Lofe ya aika Kano aka sayo injin ɓare gujiya mai aiki da kuran. Ya iso da yamma, an shafe allon jikinsa da man kaɗe da ƙura. Da safe aka tura Malam Ilu Sassumbrum gyaran ma'aunin kanti. Yana hawa kamiyo ya ce mini, "Kada ka taɓa injin nan sai na dawo na karanta allonshi. Ina jin ya fi ƙarfin tiransifonmu."

Kamiyo na ɓacewa Mai Lofe ya zo yana huci, ya ga inji a ajiye, buhuna sun kai rufi. Ya tambaye ni ko sai Ilu ne kaɗai ke da kai a gidan nan. Wannan magana ta yi mini daɗi fiye da yadda zan iya faɗa maka. Na ce, "Na sani, Mushe. Yanzu zai tashi."

Ga tunanin da ke kaina, kada ka yi dariya, ko kuma yi, na cancanta. Na ɗauka tunda tiransifo na karɓar ɗari da goma ya ba da ɗari biyu da ashirin, to ƙarfi yake ƙarawa, ninki biyu, kyauta. Na ɗauka wani abu ne mai albarka da Turawa suka ƙera, ko me ka rataya masa zai ja. Ban san ba ya haifar da komai ba. Abin da ya ƙara a bolt, a amfer yake rage shi. Buhu ɗaya ne, ko ka auna shi da babbar tiya sau goma ko da ƙarama sau ashirin. Kuma yana da iyakar abin da zai ɗauka, an rubuta a jikinsa, kullum ina wucewa ta gaban rubutun. Na goge allon injin da hannun riga, na ga 220, na ce shi ke nan, sun dace. Lambar da ke kusa da ita, ta amfer, ban ko kula ta ba.

Ɗana, bolt kaɗai ba ya gaya maka komai. Abu biyu suna iya dacewa a bolt, ɗaya ya kashe ɗaya. Karanta allon duka, na mai bayarwa da na mai karɓa, ka zauna ka ninka, ko da wanda ya aike ka na tsaye a kanka yana buga ƙafa. Wanda ke gaggauta ka ba shi zai riƙe wayar ba.

Na cire wayar famfo na jona injin. Na ɗaga makunni, inji ya yi gurnani, fizibil ya tsinke. Ka san shi, siririyar wayar nan da ake sa wa a hanya don ta narke ta yanke wuta in kaya sun yi yawa. Na sa wani, shi ma ya tafi. A nan Allah ya yi mini magana sau biyu, da ina da kunne. Mai Lofe ya ciro lofe daga baki yana kallona, leburori sun ajiye buhuna suna kallona. Na ce fizibil ɗin ne ya tsufa. Na juya musu baya, na yanko guntuwar wayar tagulla mai kaurin tsinken tsintsiya uku, na ɗaura a gurbinsa. Inji ya tashi. Gujiya ta dinga zubowa fes, leburori suka yi shewa, Mai Lofe ya dafa kafaɗata. Ranar aka fara ce mini Habu Kuran. Sunan da kake alfahari da shi, a nan na samo shi.

Kada ka taɓa ɗaure bakin abin da aka sa don ya yi maka gargaɗi. In fizibil ya tsinke, ba shi ne mai laifi ba, labari ya kawo. Tsaya ka nemi dalili.

Tun hantsi inji ke aiki. Wajen azahar na ji wari kamar ana ƙona ƙaho. Na taɓa tiransifo, na janye hannu da sauri. Ka san abin da na yi? Na jiƙa buhu na rufa masa. Ban kashe ba, don in na kashe sai an tambaye ni dalili. Ba a jima ba hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, wuta ta kama zanar da ke jingine da bango, bayan bangon kuwa gujiyar shekara guda ce. Na tsaya ina kallo. Daidai nan kamiyon Sassumbrum ya shigo. Malam Ilu ya diro tun bai tsaya ba, ya kutsa cikin hayaƙin, ya kama makunnin da ke saman tiransifo ya sauke. Kwaltar da ke cikin tiransifon ta riga ta narke, ta fashe ta zubo masa a hannun dama. Ban taɓa jin babban mutum ya yi irin wannan ƙara ba.

Aka kashe wuta da yashi, aka ɗauke shi zuwa gidan likita. Kowa ya bi su. Ni na tsaya. Na koma ɗakin, na kwance wayar tagullar nan tana da zafi, na sa a aljihu. Mutumin da ya ceci mangaza, ya ceci raina, yana can ana yanke masa hannun riga daga jikin nama, ni ina ɓoye waya.

Da la'asar Mai Lofe ya kira ni biro, ofishinsa, ya ce wa ya yarda a jona injin. Na ce Malam Ilu ya duba kafin ya tafi, ya ce ba komai, ni bin umurni na yi. Ban yi shirin faɗar haka ba, amma da ta fito, ta fito sumul, har na tsorata da kaina. Bature ba ya son a ce shi ya matsa, ni ba na son a ce ni na jona, wanda ke kwance kuma ba ya nan. Bayan kwana uku aka rubuta takardar sallama, aka sa a ciki cewa sakacinsa ya ƙona kayan kanti. Da irin wannan takarda ba mai ɗaukar mutum daga nan har Yamai. Ni aka ba in kai masa. Na kai, na ajiye kusa da tabarmarsa, na ce Allah ya ƙara sauƙi. Wata biyar unguwa ba famfo, mata na jan guga suna tsine wa Ilu. Mahaifiyarka ma ta tsine masa a gabana, ina cin tuwo, ban ɗaga kai ba.

Ban san irin nasihar da zan ɗora a kan wannan ba. Kai ma ka san ƙarya haramun ce, ni ma na sani a ranar. Abin da zan ce kawai, za ka yi kuskure a aiki, kowa na yi. Faɗe shi a ranar, kafin rana ta faɗi. A ranar farko kora ce kawai za ta same ni. Yau abin da zan rasa ya fi aiki.

Aka ba ni gurbinsa. A cikin akwatin aiki na tarar da kayensa. Na yage shafin farko mai sunansa. Shi ne kayen da ke cikin akwatinka yanzu, mai baƙin bango, wanda ka koyi lissafi a cikinsa, wanda kake nuna wa abokanka kana cewa na babana ne. Ba rubutuna ba ne, Isuhu. Shekaru na yi ina neman aikin da ya yi kama da wanda ya taɓa yi, in kwafi amsar. In ban samu ba sai in sa waya mai kauri fiye da kima in yi addu'a.

Saura ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyi. Ka tuna tun kana aji huɗu nake kiran ka bayan la'asar in ce, "Zo in gwada ka, in ga ko mushenku na aiki"? In ba ka bolt da wat in ce fitar mini da amfer, ka yi, in gyaɗa kai in ce ba laifi? Ba gwada ka nake yi ba. Aikin gobe ne nake kawo maka. Amsarka nake ɗauka in tafi da ita kanti. Rannan da ka yi kuskure ka dawo da gudu ka gyara, ka ce me ya sa ban tsawata maka ba, na ce ina jira ne ka gano da kanka. Ƙarya nake yi, ban san ka yi kuskure ba. Da ba ka dawo ba da na ɗaura yadda ka faɗa.

Washegarin tafiyarka na kama hanyar Guci. Na tarar da Malam Ilu a gona yana tattara harawar wake. Ya tsufa. Yatsu uku na hannun dama sun manne sun lanƙwashe, da hagu yake komai. Na yi sallama, ya dube ni ya ce, "Habu ne? Ka yi furfura." Ya kai ni gindin gawo, ya ba ni ruwa. Na ciro wayar tagullar nan na ajiye a gabansa, don ban taɓa iya yar da ita ba.

Ya ɗauka ya jujjuya ya ce, "Ashe wannan ce. Na ɗauka ta fi haka kauri."

Na ce, "Malam, ka sani?"

Ya ce, "Fizibil na amfer goma na sa da hannuna. Goma ba ta barin ashirin ta wuce, sai in an ɗaure mata baki. Tun ina kwance gidan likita na lissafa."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Na ce bari in ba ka kwana uku, ka faɗa da bakinka, ya fi maka mutunci. Rana ta uku sai ga ka da takarda."

Isuhu, na so ƙasa ta tsage. Na roƙe shi gafara, ina kuka kamar ba ni na haife ka ba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya tambayi abin da ya kawo ni yanzu bayan shekarun nan. Na ba shi labarin rediyon Alhaji, da lakwal ɗin da za ka, da kayensa da ke akwatinka. Ya ce, "Yaron ya iya ninkawa?" Na ce ya iya, har ya fi mushensu sauri. Ya ce, "To ba lissafi ya rasa ba, ubanshi yake kwaikwayo. Ka rubuta mashi. Ni hannu na rasa, don ɗari da goma ce. Can in ya ce na sani, gawarshi ma ba za ku gane ba. In ka rubuta ka dawo, sai mu yi maganar yafiya."

Na tashi zan tafi, sai ya share ƙasa da tafin hannun hagu ya ce, "Zamna." Na zauna. Masu wucewa da jakuna suna kallon dattijo da furfura durƙushe yana zane a ƙasa, ban ko ɗaga kai ba. Kwana huɗu na yi a Guci.

Ga abin da nake roƙo a wurinka. Ka buɗe kayen nan, a shafin da ya rage a farko ka rubuta: na Malam Ilu Guci ne. In wani ya tambaye ka wa ya koya maka, ka faɗi sunansa, don shi ya koya maka, ni dako kawai na yi. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan faɗi maganar nan a gaban dattawan unguwa, amma mahaifiyarka zan fara gaya wa, ita ce na fi jin tsoro. Mai Lofe ya daɗe da komawa ƙasarsu, amma zan gaya wa wanda ya gaje shi, ya yi yadda ya ga dama da ni. In ka ji ranka ya ɓaci da ni, kana da gaskiya, ba zan ce ka yi sauri ka huce ba. Amma ko kana fushi, ka juya kaya ka karanta allonsu.

Allah ya tsare ka daga wutar da ake gani da wadda ba a gani. Allah ya sa ka gama lafiya, ka dawo mana da yatsunka goma, ya yi maka albarka, ya rufa maka asiri da gaskiya, ba irin rufin da na yi wa kaina ba. Amin.

A ƙasa ga lissafin ranar nan, na yi shi da kaina, ba wanda ya riƙe mini hannu. Tiransifo: bolt 110 sau amfer 10, wat 1100 ke nan, iyakarsa. A gefen 220, amfer 5 kaɗai zai iya bayarwa. Inji: bolt 220 sau amfer 10, wat 2200, ninki biyu na ƙarfin tiransifo. Don ya samu haka sai an jawo amfer 20 ta gefen gurup, ta hanyar da aka yi wa 10. Layi huɗu ne, ban kai shan ruwa ba na gama.

Ka duba mini. Wannan karon ba gwada ka nake yi ba, tambayarka nake. In akwai kuskure ka gyara ka aiko mini.

Ni ne mahaifinka,
Habu.